Peter Forsskal: ya mutu a duwatsun Yaman, ganyensa ya isa gida

A ma'ajiyar busassun tsirrai ta birnin Kofenhagen, a ƙasar Danmak, akwai rassa da furanni da aka danne cikin takarda fiye da shekara 250 da suka wuce. Wanda ya tsinko su, Peter Forsskal, bai ga isarsu can ba.

An haife shi a Helsinki a 1732. Ya yi karatu a Uppsala ta ƙasar Suwidin wajen Carl Linnaeus, malamin da ya tsara yadda ake raɗa wa tsirrai sunan kimiyya, sannan ya zurfafa a Larabci a Jamus. Mutum ne da ba ya iya yin shiru: a 1759 ya fitar da ɗan littafi yana neman a bar jama'a su faɗi ra'ayinsu, hukuma ta haramta littafin.

A 1761 sarkin Danmak ya tura mutum shida bincike ƙasashen Larabawa, har da shi. Sun yi kusan shekara a Masar, suka sauka Yaman a ƙarshen 1762. To, nan fa ya shiga hawan duwatsun da ake noman gahawa. Duk itacen da ya gani sai ya yanki reshe mai fure, ya danne, ya busar, ya tambayi mutanen wurin sunansa, ya rubuta. Cikinsu har da kat, ɗan itacen da ake tauna ganyensa a Yaman da Habasha kamar yadda muke cin goro. Daga sunansa na Larabci ya ciro Catha, sunan kimiyyar da ake amfani da shi har yau.

Zazzaɓin cizon sauro ya kama shi. Ya mutu a garin Yarim, kan hanyar Sana'a, ranar 11 ga Yuli 1763, yana da shekara 31. Cikin su shidan nan, Carsten Niebuhr kaɗai ya koma gida, a 1767, kuma shi ya tattara rubuce-rubucen abokin tafiyarsa ya buga su a 1775.

Har gobe, in masana suka yi saɓani kan wani tsiron da Forsskal ya raɗa wa suna, waɗannan busassun rassan ake ɗaukowa a raba gardama.