Taƙaitaccen Tarihin William Grove, Alƙalin da Ya Samo Lantarki Daga Iska

A filin tarihin mashahuran mutane na wannan makon na kawo muku labarin wani Bature mai suna William Robert Grove. Lauya ne, daga baya ya zama alƙali, amma abin da duniya ta fi tuna shi da shi wani ɗan batir ne da ya haɗa, wanda yake cin iska ya ba da lantarki. Yau akwai motocin da suke tafiya da jikokin wannan batir. Ba sa shan fetur, kuma ruwa ne yake ɗiga daga salansarsu maimakon hayaƙi.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Grove ranar 11 ga watan Yuli, 1811, a garin Swansea da ke yankin Wales a ƙasar Birtaniya. Wato yana ɗan shekara biyar Shehu Usman Ɗanfodiyo ya rasu. Sunan mahaifinsa John Grove, mai shari'a ne a garinsu kuma mutum ne mai rufin asiri. Saboda haka a gida aka ɗaukar wa yaron malamai suka fara koya masa karatu. Da ya girma sai ya shiga Jami'ar Oxford, inda ya karanta harsuna da littattafan mutanen Girka da Rum na zamanin da. Ya gama a shekarar 1832, sannan ya koyi aikin lauya a Landan, aka ba shi izinin tsayawa a kotu a 1835.

Kun ga ke nan ba kimiyya ya karanta a jami'a ba. Sha'awa ce ta ja shi. A farkon aikinsa na lauya bai cika samun lafiya ba, sai ya riƙa amfani da lokacinsa wajen gwaje-gwaje da waya da gilashi da ruwan batir. A shekarar 1835 ɗin dai yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar masu son ilimi a garinsu. A 1837 ya auri wata mata mai suna Emma Powles.

Abin da aka sani kafin shi

Kafin mu je ga aikinsa, ya kamata mu san mene ne haidurojin. Wata iska ce marar launi, marar wari, kuma babu iskar da ta kai ta rashin nauyi. Tana kama wuta da sauri. Wani masani mai suna Henry Cavendish ne ya fara bayaninta sosai a 1766. Daga baya aka gane cewa ruwan da muke sha haɗi ne na iska biyu, haidurojin da oksijin. Oksijin ita ce wadda muke shaƙa mu rayu, kuma ita ce take sa wuta ta ci.

A shekarar 1800 wani ɗan Italiya mai suna Volta ya ƙera batir na farko. A wannan shekarar wasu Turawan Ingila biyu, Nicholson da Carlisle, suka tsoma wayoyin irin wannan batir a cikin ruwa, sai suka ga kumfa tana tashi. Ashe lantarkin ne yake raba ruwan gida biyu, haidurojin ta fita ta waya ɗaya, oksijin ta fita ta ɗayar. Masana da yawa sun maimaita wannan gwaji har ya zama sananne.

Batir biyu a shekara ɗaya

A shekarar 1839, lokacin Ibrahim Dabo yana sarautar Kano, Grove ya fito da abubuwa biyu. Na farko batir ne mai ƙarfi da ya haɗa da tutiya da wani ƙarfe mai tsada da ake kira filatinom, da ruwan asid iri biyu. Ƙarfinsa ya kusa ninka na batirin da aka saba da shi a lokacin. Kamfanonin wayar tangarahu a Amurka sun yi ta amfani da shi wajen aika saƙo daga gari zuwa gari. Amma yana da aibi, domin yana fitar da wani hayaƙi mai guba da yake cika ofisoshin ma'aikata. Daga baya aka daina amfani da shi. Wannan batir ne ya fara yi masa suna, har aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya a 1840.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi shafarmu. Grove ya yi tunani kamar haka: tunda lantarki yana raba ruwa ya zama iska biyu, to idan aka mayar da iska biyun nan suka haɗu suka koma ruwa, ai ya kamata lantarkin ya dawo. Kamar mutum ne ya ba da jingina ya karɓi kuɗi, ranar da ya mayar da kuɗin sai a mayar masa da kayansa.

Ga yadda ya gwada. Ya sami sillayen filatinom biyu, ya tsoma gindinsu a cikin ruwan asid da aka sirka, irin wanda makanikai suke kira ruwan batir. Ya kifa kwalbar gilashi a kan kowane sille. Kwalba ɗaya ya cika ta da haidurojin, ɗayar kuma da oksijin. Da ya haɗa sillayen biyu da waya, sai allurar na'urar awon lantarki ta motsa. A hankali iskar da ke cikin kwalaben tana raguwa, ruwa yana hawa ya maye gurbinta. Babu wuta kuma babu hayaƙi, ga shi lantarki yana bin waya.

A wannan lokacin akwai wani masani Bajamushe a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, mai suna Schönbein, wanda shi ma ya lura da irin wannan abu, ya kuma rubuta bayaninsa a farkon 1839. Su biyun sun zama abokai, suna rubuta wa juna wasiƙa. Amma Grove ne ya mayar da abin ya zama na'ura mai aiki. A 1842 ya jera irin waɗannan kwalabe saiti hamsin ya haɗa su da waya. Lantarkin da suka bayar ya kai mutum biyar da suka riƙe hannun juna su ji ya fizge su. Ya kuma yi amfani da lantarkin ya sake raba wani ruwan ya zama iska biyu. Ya sa wa na'urar suna batirin iska.

Bambancinsa da batirin tocila shi ne, batirin tocila abincinsa yana cikin cikinsa, idan ya ƙare sai a yar. Na waya kuma sai an kai shi wurin mai caji. Batirin iska kuwa daga waje ake ba shi abinci, kuma muddin haidurojin da oksijin suna shiga, lantarki ba zai yanke ba.

Malami kuma marubuci

A 1841 aka naɗa Grove farfesa a wata cibiyar ilimi a Landan. Ya gwada yin fitilar lantarki da zaren filatinom tun shekaru da yawa kafin ƙwan lantarki ya shiga gidajen mutane. A 1846 ya wallafa wani littafi inda ya yi bayanin cewa zafi da haske da lantarki da motsi duk 'yan gida ɗaya ne, kowanne yana iya rikiɗa ya zama ɗan'uwansa, kuma babu wanda yake ɓacewa. Wannan shi ne darasin makamashi da ake koya mana a ajin kimiyya. A 1847 aka ba shi lambar yabo ta sarauta saboda bincikensa.

Komawarsa kotu

Kimiyya ba ta kawo kuɗi sosai a wancan zamani, ga shi iyalinsa suna ƙaruwa. Sai ya mayar da hankalinsa kan aikin lauya. A 1853 ya sami muƙamin babban lauya. Saboda ya san kimiyya, an riƙa neman sa a shari'o'in da suka shafi ƙirƙira, wato idan mutum biyu suna jayayya a kan wanda ya fara ƙera wani abu. A 1856 yana cikin lauyoyin da suka kare wani likita mai suna William Palmer, wanda aka tuhuma da kashe abokinsa da guba. Shari'ar ta girgiza Ingila, kuma a ƙarshe kotu ta sami likitan da laifi.

Bai yar da kimiyya gaba ɗaya ba, domin a 1866 shi ne shugaban babban taron masana kimiyya na Birtaniya da aka yi a garin Nottingham. A 1871 aka naɗa shi alƙali, a 1872 kuma Sarauniya Victoria ta ba shi lambar girma. Ya yi shekara 16 yana alƙalanci, ya yi ritaya a 1887.

Rasuwarsa

Grove ya mutu a Landan ranar 1 ga watan Agusta, 1896, yana da shekara 85, lokacin Sarki Alu yana mulkin Kano. Har ya bar duniya bai ga batirin iskarsa ya ja ko amalanke ba. Filatinom yana da tsada, haidurojin tana da wuyar samu, ga kuma gawayin kwal yana da arha a ƙasarsu. Daga baya fetur ya zo ya mamaye ko'ina. Sai aikin nasa ya zauna a littattafai da ɗakunan gwaji.

Bayan shekara ɗari

Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Francis Bacon ya ɗauko aikin tun daga shekarun 1930, ya yi ta fama da shi har 1959, lokacin da ya nuna wani batirin iska mai ƙarfin da zai iya yin aikin gaske. Irin nasa aka sa a kumbon Apollo da ya kai 'yan Amurka duniyar wata a 1969. Shi ya ba kumbon lantarki, ruwan da yake fitarwa kuma 'yan sama jannatin suka riƙa sha. A duniyar watan ma akwai wani rami da masana suka sa wa sunan Grove.

A 1966 kamfanin General Motors ya gwada mota mai irin wannan batir. A 2014 kamfanin Toyota na Japan ya fara sayar da wata mai suna Mirai, kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ma yana da tasa mai suna Nexo. A 2018 jirgin ƙasa mai amfani da haidurojin ya fara ɗaukar fasinja a Jamus.

Ga yadda motar take aiki. Tana da tanki mai kauri da ake danna haidurojin a ciki da ƙarfi. Oksijin kuwa daga iskar waje take zuƙo ta. A cikin batirin akwai faranti biyu da wata 'yar fata siririya a tsakaninsu. Idan haidurojin ta taɓa filatinom ɗin da ke farantin farko, sai kowace ƙwayarta ta rabu biyu. Rabi ɗaya yana iya ratsa fatar ya wuce. Ɗaya rabin, wanda ake kira ilektiron, ba ya iya ratsawa, dole ya zagaya ta waya. Wannan zagayen shi ne lantarkin da yake juya injin da ke murza tayoyi. A faranti na biyu sai su sake haɗuwa tare da oksijin su zama ruwa. Saiti ɗaya ƙarfinsa kaɗan ne, shi ya sa ake jera ɗaruruwa, kamar yadda Grove ya jera hamsin. Cika tankin ba ya wuce kamar minti biyar.

Me ya shafe mu a Makoda?

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowa ya ji a jikinsa. Ɗan acaɓa ya ƙara kuɗi, motar Dambatta da ta Kano sun ƙara, mai injin niƙa ya ƙara, masu noman rani kuma suna lissafin kowace litar da injin ban-ruwa zai sha. Don haka duk wani labarin abin da zai maye gurbin fetur labarinmu ne.

Sai dai matsalolin da suka tare Grove har yanzu ba su gama kaucewa ba. Filatinom yana nan da tsadarsa, kuma yawancinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Gidajen sayar da haidurojin kaɗan ne ko a ƙasashen da suke ƙera motocin. Sannan yawancin haidurojin da ake samarwa a duniya yau daga iskar gas ake cire ta, kuma wannan hanya tana gurɓata iska. Hanya mai tsabta ita ce a raba ruwa da lantarkin hasken rana, amma ta fi tsada. Rana dai muna da ita a nan har ta yi yawa.

Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne, haidurojin ta riga ta iso gonakinmu. Da ita ake haɗa takin yuriya da iyayenmu suke zuba wa masara da dawa. Masana'antar Indorama da ke kusa da Fatakwal da ta Dangote da ke Legas suna cire ta daga iskar gas su yi takin da ita. Wato a Nijeriya ma ana samar da ita, sai dai taki ake yi da ita, ba a zuba wa mota.

Grove ya yi gwajinsa na farko yana ɗan shekara 27, da kwalabe da waya da ruwan batir. Sai da aka yi shekara 130 kafin aikin ya kai mutum duniyar wata, aka kuma yi shekara 175 kafin Mirai ta shiga kasuwa. Duk wanda yake son ganin rabin gwajin da idonsa, ya roƙi malamin kimiyya ya nuna mana yadda batir da fensir biyu suke tayar da kumfa a cikin kofin ruwa. Kada kowa ya taɓa ruwan batir shi kaɗai, domin yana ƙona fata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida