Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001): Tashin Marainiya

An haifi Hajiya Gambo Sawaba ranar 15 ga Fabrairu, 1933, ta kuma tashi a Zariya. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da yake ita ce ta biyo bayan tagwaye, sai aka riƙa kiran ta Gambo kamar yadda al'adar Hausawa ta tanada. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Arewa, ya musulunta, ya auri Fatima, Banufiya daga yankin Lavun ta ƙasar Bida. Saboda haka a gidan ma'aikaci mai albashi ta buɗe ido, gidan da ya san darajar boko, har aka sa ta makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wada a lokacin da 'yan matan da ke shiga aji ba su taka kara sun karya ba.

Wannan gata bai daɗe ba. Mahaifinta ya rasu a 1943 tana da shekara goma, karatu ya tsaya. Bayan shekara uku mahaifiyarta ma ta cika. A wancan zamani, marainiyar da ba ta gaji gona ko sarauta ba hanya ɗaya ce a gabanta, wato aure, domin dangi na ganin ɗakin miji ne kaɗai zai rufa mata asiri, ya kuma sauke musu nauyin ci da sutura. Haka abin yake a Sabon Garin Zariya, haka yake a ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a lokacin gundumomi ne na masarautar Kano. A karkara ma abin ya fi tsanani, don kuwa 'yar talaka tana tashi ne tsakanin daka da ɗebo ruwa da talla, mahaifinta kuma yana fama da haraji da aikin tilas na dagaci da hakimi.

Tana da shekara goma sha uku aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Tana ɗauke da ciki ya sa ƙafa ya bar gari, bai sake waiwayar ta ba. Ta haifi 'yarta Bilkisu a 1949. Ke nan kafin ta cika shekara goma sha bakwai ta ɗanɗani maraici, da yankewar karatu, da auren wuri, da renon ɗiya ba miji. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya keɓanta da ita. Dubban 'yan mata sun sha irinsa suka haɗiye. Abin da ya bambanta Gambo shi ne ta ƙi ɗaukar su a matsayin sirrin cikin gida, ta fito da su dandalin siyasa.

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da manufar ƙwato wa talakawa 'yanci daga hannun En'e da masu sarauta. Gambo ta shiga reshen Zariya tana 'yar shekara goma sha bakwai, ba da jimawa ba ta zama shugabar mata. Kalmar sawaba, wadda ita ce taken jam'iyyar, ta manne wa sunanta har ta shafe na mahaifinta. Ta yi tattaki zuwa Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan garin wajen yaƙi da harajin mata har Sarki Alake ya sauka daga gado na ɗan lokaci a 1949. Da ta dawo sai ta riƙa shiga gidajen kulle, inda maza 'yan siyasa ba su da ikon leƙawa, tana yi wa mata magana a kan auren ƙananan yara, da karatun 'ya'ya mata, da aikin tilas, da 'yancin jefa ƙuri'a.

Hukuma ba ta ɗauki wannan da wasa ba. A farkon shekarun 1950 an kama ta a Kano bisa laifin yin taro ba izini, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga masarautar. Jimillar ɗaurin da aka yi mata ya kai sau goma sha shida, ban da dukan da ta sha a hannun 'yan doka da 'yan bangar siyasa. Ya kamata a lura cewa duk wannan wahala ta sha ta ne a kan zaɓen da ita kanta ba ta da ƙuri'a a cikinsa: a zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim. Siyasa ba ta tara mata dukiya ba, sauran aurarrakin da ta yi ma ba su ɗore ba, amma gidanta na Zariya bai rabu da marayu da marasa galihu da take riƙo ba. Ta rasu a watan Oktoba na 2001 tana da shekara 68. Babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya da wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano suna ɗauke da sunanta.