Abdu Mumuni, malamin da ya sa rana aiki

1. Ƙuruciyarsa

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa, ran 26 ga watan Yuni na shekara ta 1929. Tasawa tana kan hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Danginsa Zabarmawa ne na Kirtashi, a bakin kogin Isa. A lokacin nan ƙasar Nijar tana hannun Faransawa.

Da ya isa shiga makaranta, sai aka sa shi lakwal a Damagaram. A zamanin nan makarantun boko kaɗan ne ƙwarai. Da Faransanci kaɗai ake koyarwa. Yaro yakan shiga aji bai san ko kalma guda ta harshen ba, amma da shi za ya koyi karatu da lissafi. Yara da yawa sun gaji sun bari. Abdu bai bari ba, kuma bai manta da wahalar nan ba har ya girma.

Daga Damagaram ya wuce Yamai. A 1944 ya tafi ƙasar Senegal, ya shiga makarantar William Ponty, inda ake horar da malamai da ma'aikata na ƙasashen Afirka ta Yamma.

2. Neman ilimi

Bayan Senegal, Abdu Mumuni ya tafi birnin Paris, a ƙasar Faransa. A can ya zaɓi ilimin kimiyya da ake kira fizik. Fizik shi ne ilimin da ke binciken haske, da zafi, da motsi, da wutar lantarki, da yadda abubuwa suke a cikinsu.

A 1956 ya ci wata babbar jarrabawa ta malamai mai suna agiregasiyo. Jarrabawa ce mai wuyar gaske. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka da Faransa ke mulki da ya ci ta a fannin fizik.

Da wannan takarda yana iya zama a Turai cikin jin daɗi. Amma ya komo Afirka. Ya koyar a Dakar. A 1958 ƙasar Gine ta karɓi mulkin kai, Faransa ta janye malamanta, makarantu suka rasa masu koyarwa. Sai ya tafi Konakiri ya taimaka. Daga nan ya koyar a Yamai. Sa'an nan ya tafi Tarayyar Sobiyet don ya ƙara sani a kan ƙarfin rana.

3. Me ya sa ya zaɓi rana?

Abdu Mumuni ya duba halin ƙasashen Sahel. Ya ga kusan kowane gida da itace yake dahuwa. Kullum ana saran itatuwa, daji yana ƙarewa, hamada tana matsowa. Mata da yara suna tafiya mai nisa neman makamashi. Kananzir da fetur kuwa a lokacin daga waje ake kawo su, da tsada. Amma akwai abu guda da Nijar take da shi a yalwace, ba a saye, ba ya ƙarewa: rana. Mutane suna kuka da zafinta. Shi kuwa ya ga dukiya ce da ke zuba a banza.

A 1964 ya kama aiki a Bamako, ƙasar Mali, yana shugabancin ɗakin binciken ƙarfin rana. A 1967 ya samu digirin dakta a Faransa. Bincikensa a kan madubi ne mai zurfi kamar ƙwarya. In aka fuskantar da irin wannan madubi ga rana, duk hasken da ya faɗa cikinsa yakan taru a wuri guda. Wurin nan yakan yi zafi ƙwarai, har a dafa abinci a kansa.

A 1969 ya komo gida. Aka ba shi shugabancin ma'aikatar ƙarfin rana ta Nijar, wadda ake kira ONERSOL. Ya riƙe ta har 1985.

4. Abubuwan da aka ƙera a Yamai

Shi da abokan aikinsa sun ƙera na'urar ɗuma ruwa. Akwati ne mai baƙin ciki, an rufe shi da gilashi, bututun ruwa yana ratsa shi. Baƙin abu yana shan zafin rana fiye da fari. Gilashi yana barin haske ya shiga, amma yana tsare zafi kada ya fita. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, don haka yakan hau da kansa zuwa tanki. Ba itace, ba gawayi, ba hayaƙi.

Sun ƙera na'urar tace ruwa. Rana tana mai da ruwa tururi, tururin ya taru a jikin gilashi, ya gangaro tas, ya bar gishiri da dauɗa a ƙasa. Sun ƙera murhun rana, sun kuma gwada injin da ke tafiya da zafin rana.

Ba duka ne suka bazu ba. Murhun rana yana da tsada ga talaka. Kuma mai tuƙa tuwo ba ta son tsayuwa cikin rana tsaka, ga shi tuwon dare bayan faɗuwar rana ake cinsa. Wannan ya nuna ƙira ba ta isa ita kaɗai ba, sai ta dace da zaman mutane.

5. Taron masana

Mai bincike ba ya aiki shi kaɗai. Masanan fizik sukan taru daga ƙasashe dabam-dabam. Kowa ya tashi ya bayyana gwajin da ya yi da abin da ya auna. Sauran su yi masa tambayoyi. In sun koma gida su sake gwajin da kansu. In sun samu abin da ya samu, a karɓa. In ba su samu ba, a sake bincike. A irin wannan zama ba a duban ƙasar mutum ko launin jikinsa, hujjarsa ake dubawa. Abdu Mumuni ya zauna da masanan duniya a matsayin ɗan'uwansu a ilimi.

Wani reshe na fizik yana binciken abubuwa masu tauri da masu ruwa-ruwa, kamar ƙarfe, da gilashi, da dutse. Masanan wannan reshe sun yi nazarin wani sinadari mai suna silikon, wanda ake fitarwa daga rairayi. Sun gano in an gyara shi, haske ya faɗa a kansa, sai wutar lantarki ta gudana. A 1954 wasu masu bincike uku a Amurka suka ƙera allon rana na silikon na farko mai amfani. Kashi 6 cikin 100 na hasken kawai yake mayarwa lantarki. Allunan yanzu suna kai kashi 20 ko fiye.

A watan Yuli na 1973 hukumar UNESCO ta karɓi babban taron masana a Paris a kan yadda rana za ta yi wa ɗan Adam hidima. A shekarar nan fari ya tsananta a Sahel, dabbobi suka mutu, kuma kafin ƙarshenta kuɗin fetur ya hau a duniya. Sai ƙasashe masu arziki suka juyo ga aikin da Abdu Mumuni ya riga ya yi shekara tara yana yi a Afirka.

6. Malami har ƙarshe

Abdu Mumuni bai manta da ajinsa na farko ba. A 1964 ya fitar da littafi da Faransanci a kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna yaro ya fi gane karatu in ya soma da harshen da ya tashi da shi. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai harshe biyu a Nijar. A Damagaram aka buɗe ta, garin da shi kansa ya soma karatu.

Ya koyar da fizik a jami'ar Yamai, kuma a 1979 aka naɗa shi shugabanta. Ya rasu a Yamai ran 7 ga watan Afrilu na 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Bai ga cikar burinsa ba, amma abin da ya shuka ya tsiro. A 2018 aka buɗe tashar lantarkin rana a Malbaza, a 2023 aka buɗe wadda ta fi ta girma a Goru Banda, kusa da Yamai. A ƙauyuka da yawa allon rana ne ke jawo ruwa daga rijiya, yana kunna fitila, yana sanyaya magani a gidan likita. Sai dai har yanzu da itace yawancin gidaje ke dahuwa. Sauran aikin yana jiran yaran da ke cikin aji yau.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Abdu Mumuni? A ina ya soma karatu?
2. Me ya sa ya tafi Konakiri?
3. Me ya sa ake shafa wa akwatin ɗuma ruwa baƙin fenti?
4. Me masana ke yi in sun koma gida daga taro?
5. Me ya hana murhun rana bazuwa?

Aiki

Ku samu gwangwani biyu masu girma ɗaya. Ku shafa wa guda baƙin tukunya, ku bar guda yadda yake. Ku zuba masu ruwa daidai wa daida, ku aje su cikin rana tun hantsi har azahar. Ku taɓa ruwan, ku rubuta abin da kuka gani, sa'an nan ku gwada da abin da abokanku suka samu.