Tommy Taylor: Ɗan wasan gaban da aka saya Fam 29,999, ya rasu yana da shekara 26

A duk ranar 6 ga Fabrairu, magoya bayan ƙungiyar Manchester United kan taru a harabar filin wasa na Old Trafford, ƙarƙashin wani agogo da aka rubuta wa kwanan watan da sunan birnin Munich, su yi tsit domin tunawa da mutum 23 da suka rasu a hatsarin jirgin sama na shekarar 1958. Takwas daga cikinsu 'yan wasan ƙungiyar ne. Sunan da ya fi fitowa a bakin jama'a shi ne na Duncan Edwards, sai kuma na Bobby Charlton wanda ya tsira ya yi tsawon rai. Amma mutumin da ƙungiyar ta dogara da shi wajen cin ƙwallo a wancan zamani shi ne Tommy Taylor, wanda ya zura ƙwallo 131 a wasa 191 kafin ajali ya riske shi, kwana takwas bayan ya cika shekara 26.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Thomas Taylor ranar 29 ga Janairun 1932 a Smithies, wata unguwa ta ma'aikata da ke gefen garin Barnsley a yankin Yorkshire na arewacin Ingila. Yanki ne da rayuwar jama'arsa ta ta'allaƙa a kan haƙar kwal. Yaron da ya taso a can, idan bai samu gurbin ƙaro karatu ba, hanyarsa a fili take: ya bi iyaye da yayye zuwa mahaƙa. Taylor bai kuɓuta daga wannan ba. Da ya bar makaranta ya kama aiki a mahaƙar kwal ta Wharncliffe, yana taka leda a ƙaramar ƙungiyar unguwarsu, Smithies United, a lokutan da ba ya bakin aiki.

A nan masu farautar 'yan wasa na ƙungiyar Barnsley suka hango shi. Ya sanya hannu a takardar zama ƙwararren ɗan wasa a 1949, yana da shekara 17. Wasansa na farko a babbar ƙungiyar ya zo ne ranar 7 ga Oktoban 1950, inda suka doke Grimsby Town da ci 3-1. A wasansa na biyu, cikin watan Nuwamba, shi kaɗai ya ci uku a ranar da Barnsley ta lallasa Queens Park Rangers da ci 7-0.

Sai dai tafiyar ba ta miƙe nan take ba. A wancan lokaci doka ta wajabta wa samarin Birtaniya aikin soja na shekara biyu, kuma a can ya ji mummunan rauni a gwiwa, wanda ya kusa raba shi da ƙwallo tun bai kai ko'ina ba. Ya yi jinya, ya warke, ya dawo fili. Kafin ya bar Barnsley, wadda ke rukuni na biyu a lokacin, ya ci ƙwallo 26 a wasannin lig 44.

Cinikin da aka rage wa fam ɗaya

A daidai wannan lokaci kocin Manchester United, Matt Busby, yana cikin sauya fasalin ƙungiyarsa. 'Yan wasan da suka ci masa kofin lig na 1952 sun fara manyanta, ciki har da Jack Rowley wanda ya daɗe yana jan ragamar gaba. Busby da mataimakinsa Jimmy Murphy sun reni yara masu hazaƙa a gida, amma ba su da wanda zai gaji Rowley. Murphy ya yi ta zuwa Barnsley yana kallon Taylor, har ya gamsu cewa shi ne mutumin da suke nema.

Ƙungiyoyi da dama sun nuna sha'awarsa, shi kuwa bai ƙosa ya bar garinsu ba. A watan Maris na 1953 aka daidaita. Barnsley ta nemi Fam 30,000, kuɗin da a wancan zamani sai fitattun 'yan wasa ake saye da shi. Busby ya ji tsoron kada lakabin ɗan wasan Fam 30,000 ya zame wa yaro mai shekara 21 kaya mai nauyi, don haka aka rubuta Fam 29,999 a takarda. Fam ɗayan da ya rage kuwa, kamar yadda labarin ya shahara a tarihin ƙungiyar, Busby ya ciro shi daga aljihu ya miƙa wa matar da ke kawo musu shayi a ɗakin da ake cinikin.

Tsoron Busby bai tabbata ba. A wasansa na farko, ranar 7 ga Maris, Taylor ya ci biyu a kan Preston North End, aka tashi 5-2. Ya rufe kakar da ƙwallo bakwai a wasa 11. Barnsley kuwa, da ta rasa shi, a ƙarshen teburi ta kammala kakar, ta faɗa rukuni na uku.

Yadda yake wasa

Abin da aka fi sanin Taylor da shi shi ne cin ƙwallo da ka. Ƙwallon wancan zamani ta fata ce mai ɗinki, wadda ke shan ruwa ta yi nauyi idan fili ya jiƙe, kuma filayen Ingila a lokacin hunturu caɓi ne zalla. Sa wa irin wannan ƙwallo kai yana buƙatar ƙarfin wuya da ƙarfin hali. Taylor ya iya lissafin lokacin tashi, yakan riga mai tsaron baya isa sama, kuma yakan sarrafa ƙwallon zuwa kusurwar da yake so, ko ya sauke ta a ƙafar abokin wasa.

Bai kasance mai tsayawa a gaban raga yana jiran a kawo masa ba. Yakan fice zuwa gefen fili, ya janye mai gadinsa, ya bar gurbi a tsakiya. Wanda ya fi cin moriyar wannan shi ne Dennis Viollet, siririn ɗan wasa mai wayo da sauri, wanda ya riƙa shiga gurbin yana ci. Haɗin su biyun ya zama ƙashin bayan ƙungiyar da 'yan jarida suka yi wa laƙabi da Yaran Busby. A wajen fili kuma an san shi da fara'a da rashin ɗaukar kai. Kamar sauran samarin ƙungiyar, a gidan haya yake zaune kusa da filin wasa, domin dokar ƙayyade albashi ta lokacin ba ta bari a biya ɗan wasa fiye da Fam 15 a mako a shekarar da ya zo ba, kuma ko a 1957 iyakar Fam 17 ce.

Kofuna da wasannin Turai

A kakar 1955/56 United ta ɗauki kofin lig da ratar maki 11 tsakaninta da mai bi mata, alhali matsakaicin shekarun 'yan wasanta bai wuce 22 ba. Taylor ya ci 25 a lig a wannan kaka. A kaka ta gaba suka sake ɗauka, ya ci 34 a dukkan gasanni.

A wannan kaka ta biyu ce Busby ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Hukumar lig ta Ingila ba ta son ƙungiyoyinta su shiga sabuwar Gasar Kofin Turai, har ta sa Chelsea ta janye a shekarar da ta gabata. Busby ya ƙi bin wannan ra'ayi, United ta zama ƙungiyar Ingila ta farko da ta shiga gasar. Da yake Old Trafford ba shi da fitilun wasan dare a lokacin, sai suka ari filin Maine Road na maƙwabtansu Manchester City. A can suka ragargaji Anderlecht ta Beljiyam da ci 10-0 a watan Satumban 1956, Viollet ya ci huɗu, Taylor ya ci uku.

Wasan da masu tarihin ƙungiyar suka fi ambata a matsayin gwanintarsa shi ne na Athletic Bilbao. An ci United 5-3 a Sifaniya, ke nan tana buƙatar ci uku ba ko ɗaya a gida. Viollet ya buɗe, Taylor ya ƙara ta biyu, sannan saura 'yan mintoci a tashi ya ja ƙwallo ta gefen dama ya miƙa wa Johnny Berry ya ci ta uku. An buga wannan wasa ne ranar 6 ga Fabrairun 1957, shekara ɗaya cif kafin ranar hatsarin. A zagayen kusa da na ƙarshe Real Madrid ta su Alfredo Di Stefano ta fitar da su, amma Taylor ya ci a Madrid, ya kuma ci a Manchester.

A wasan ƙarshe na Kofin FA na 1957, mai tsaron gidan United, Ray Wood, ya karye a ƙashin kunci tun farkon wasa bayan karo da Peter McParland na Aston Villa. Ba a canjin ɗan wasa a lokacin, dole ɗan baya Jackie Blanchflower ya shiga raga. Villa ta ci biyu, Taylor ya rama ɗaya da ka daga bugun kusurwar Edwards, aka tashi 2-1. A wannan shekara ce Inter Milan ta Italiya ta taya shi Fam 65,000, kuɗin da ya haura ninki biyu na abin da aka saye shi. Busby ya ce ba na sayarwa ba ne.

A ƙungiyar ƙasa

Makonni goma kacal bayan komawarsa United aka sa shi a wasan Ingila da Ajantina a Buenos Aires, ranar 17 ga Mayun 1953, wasan da ruwan sama ya sa aka dakatar. Mako guda bayan haka ya ci ƙwallonsa ta farko a kan Chile. Ya je Gasar Kofin Duniya ta 1954 a Switzalan, ya ci Brazil biyu a Wembley a 1956 lokacin da Ingila ta yi nasara da ci 4-2. A wasannin neman gurbin Kofin Duniya na 1958 ya ci takwas a wasa huɗu, ciki har da uku-uku a kan Denmark da Jamhuriyar Ireland. Wasansa na ƙarshe shi ne na Faransa a Nuwamban 1957, inda ya ci biyu. Jimilla ya ci wa ƙasarsa 16 a wasa 19.

Rasuwarsa

Ranar 1 ga Fabrairun 1958 United ta doke Arsenal 5-4 a Landan, Taylor ya ci biyu. Shi ne wasan ƙarshe da wannan tawaga ta buga a ƙasar Ingila. Daga nan suka tashi zuwa Belgrade ta tsohuwar Yugoslabiya, suka yi canjaras 3-3 da Red Star ranar 5 ga wata, abin da ya kai su zagayen kusa da na ƙarshe a karo na biyu a jere.

Washegari jirgin da suka yi shata ya sauka a Munich ta Jamus domin shan mai, dusar ƙanƙara tana zuba. Sau biyu matuƙan suna yunƙurin tashi suna fasawa saboda matsalar inji. Akwai babban wasa da Wolverhampton Wanderers yana jiran ƙungiyar ranar Asabar. Kafin yunƙuri na uku, Taylor da abokinsa David Pegg suka koma kujerun baya, bisa zaton can ya fi aminci, Charlton da Viollet suka zauna a nasu wuraren. Jirgin bai samu gudun da zai ɗaga ba, ya zarce ƙarshen titin, ya fasa shinge, ya daki wani gida. Charlton da Viollet sun rayu. Taylor da Pegg sun rasu nan take, tare da kyaftin Roger Byrne, Eddie Colman, Mark Jones, Geoff Bent da Billy Whelan. Edwards ya cika a asibiti bayan kwana 15. Cikin mutum 44 da ke jirgin har da 'yan jarida takwas da ma'aikatan ƙungiyar uku da suka rasa rayukansu.

Hukumomin Jamus sun ɗora laifin a kan matuƙin jirgin, Kyaftin James Thain, da cewa bai sa an kankare ƙanƙarar fukafukai ba. Sai bayan kimanin shekara goma binciken Birtaniya ya wanke shi, ya nuna cewa narkakkiyar ƙanƙarar da ta kwanta a kan titin ce ta rage wa jirgin gudu.

Taylor ya rasu da baiko a kansa, bai kai ga ɗaura aure ba. An mayar da gawarsa gida, aka binne shi a maƙabartar Monk Bretton da ke Barnsley, ba nisa da unguwar da aka haife shi.

Giɓin da ya bari

Wata huɗu bayan hatsarin, Ingila ta je Kofin Duniya a Sweden babu Taylor, babu Edwards, babu Byrne. Ba ta ci wasa ko ɗaya ba: ta yi canjaras uku, Tarayyar Sobiyet ta fitar da ita. United kuwa sai da ta shekara goma kafin ta ɗauki Kofin Turai, a 1968, lokacin da ta doke Benfica 4-1 a Wembley, Charlton ya ci biyu.

Hotunan bidiyon wasanninsa kaɗan ne suka rage, shi ya sa alƙaluma ne suka fi ba da shaida a kansa. Ƙwallo 131 a wasa 191 na nufin ƙwallo biyu a kowane wasa uku, har da ɗan ɗori. Cikin manyan maciya ƙwallon United na baya, Ruud van Nistelrooy ne ya yi kusa da wannan, da ƙwallo 150 a wasa 219. Shekara biyar ba wata guda Taylor ya yi a Old Trafford, kuma ya tafi ne a shekarun da ɗan wasan gaba ke shiga ganiyarsa. A 2011 aka liƙa allon tunawa da shi a jikin gidan da ya yi haya a unguwar Stretford, kusa da filin wasan.