Samuel Hahnemann: Likitan Da Ya Ƙago Maganin Homiyofati

An haifi Samuel Hahnemann ran 10 ga watan Afrilu, 1755, a garin Meissen na ƙasar Jamus. Ubansa mai zanen tangaran ne. Ya yi karatu a Leipzig da Biyana, ya sami digirin likita a Erlangen cikin 1779.

A zamanin nan likitocin Turai sun dogara ga tsaga jijiya a zubar da jini, da ba da magunguna masu dafi. Wannan ya sa aikin ya fita daga ransa, ya koma fassara littattafai. Cikin 1790, yana fassara littafin William Cullen, sai ya sha ɓawon itacen da ake samun kwinin, ya ji alamu irin na zazzaɓin cizon sauro. Daga nan ya ɗauka cewa abin da ke jawo wa mai lafiya alamun wata cuta, shi ne maganinta. Ya bayyana wannan ra'ayi cikin 1796, ya tsara shi a littafinsa Organon cikin 1810.

Dabararsa ita ce a zuba ɗigo 1 na magani cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza, a ɗebi ɗigo 1 a sake, har sau 30. Lissafin kimiyya ya nuna cewa bayan sau 12, da wuya ko ƙwayar zarra ɗaya ta maganin ta rage.

Tun yana raye wani likitan dabbobi na Leipzig, Wilhelm Lux, ya fara gwada hanyar a kan dabbobi, har yau kuwa ana ba karnuka da kyanwoyi da dawaki. Amma cikin 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta ce ba ta sami wata cutar ɗan'adam da aka tabbatar homiyofati na warkarwa ba. Cikin 2017 hukumar likitocin dabbobi ta Birtaniya ta ce ba shi da tushen kimiyya, kada ya maye gurbin ingantaccen magani ko ya jinkirta shi. Sau da yawa ciwo kan tafi don kansa, mai doki kuwa ya yaba wa magani. In ciwon mai tsanani ne, jinkiri na iya halaka dabbar.

Hahnemann ya koma birnin Faris cikin 1835, ya mutu a can ran 2 ga watan Yuli, 1843, yana da shekara 88. Ya yi daidai da ya ƙi zubar da jinin marasa lafiya, amma gwaji bai gaskata maganin da ya kawo a madadinsa ba.