Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata: Daga Zangon Bebeji Zuwa Sarari

Kwanakin baya na ɗauki babban ɗana muka shiga cikin zango don in nuna masa gidan da kakana ya riƙa saukar da fataken goro. Muka yi ta zagaye, babu gida babu alamarsa, sai jerin shaguna. Da ƙyar muka sami wani dattijo da ya iya nuna mana inda zauren yake a da. Abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa a wannan fitowa na ga ya dace in kawo tarihin babban uban 'yan kasuwar ƙasar Hausa, Alhaji Alhassan Ɗantata, mu bi sawunsa wuri-wuri, mu ga abin da ya rage da abin da ya shuɗe.

Asalinsu Agalawa ne, mutanen da aka sani da fatauci tun kaka da kakanni. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifinsa kuwa, Abdullahi, bafatake ne mai bin hanyar Gwanja. An haifi Alhassan a shekarar 1877 a Bebeji, kuma masu ba da tarihi sun ce a zangon fatake aka haife shi, ayari na kan hanya. Wato shi ma ɗan zango ne kamar 'ya'yanmu. Daga baya mahaifin ya dawo Bebeji da zama.

Yana ɗan shekara takwas mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa ta koma Ankara, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda ta riƙe shi, har sunanta ya bi shi ya zama Ɗantata. Ya yi karatun allo, yana yi yana ɗan saye da sayarwa don ya ci da kansa. Da ya tasa sai ya bi ayari har Ankara don ya ga mahaifiyarsa, ya dawo da sanin hanya da sanin bakin teku.

Sai ga Basasar Kano a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Wutar ta shafi Agalawa, aka kama Alhassan cikin waɗanda aka kama, sai da ya fanshi kansa. Wani da nan zai karaya. Shi kuwa sai ya sake ɗaura ɗamara ya koma fataucin goro.

A nan ne tarihinsa ya haɗu da namu. Salaga, babbar kasuwar goron Gwanja, yaƙin 1892 ya riga ya karya ta, ciniki ya karkata Kumasi da bakin ruwa. Maimakon ya yi watanni yana bin jakuna ta ƙasa, Alhassan yana cikin na farko-farko da suka riƙa loda huhunan goro a jirgin ruwa daga Ankara da Sekondi zuwa Ikko. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, hanya ta gajarce. Wannan layin dogo shi ne ya ratsa ta Agege, kuma da manoman nan suka dasa goro irin na Gwanja, sai iyayenmu suka sauka kusa da tasha suna saye suna aikawa Arewa. Ka ji mafarin zangonmu.

Da Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa a Kano daga 1912, ya shiga da ƙarfinsa, domin yana da jari, yana da yara a ƙauyuka, kuma manoma sun yarda da shi. A 1918 kamfanin Neja, wanda daga baya ya zama UAC, ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa. A wannan zamani ne ya gina gidansa a Sarari, jikin unguwar Koki, lokacin wurin fili ne fetal. Ya sauke farali ta jirgin ruwa daga nan Ikko, ya biya ta Ingila. A 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, sai da ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20. Duk da haka an san shi da sauƙin kai, da tsantseni wajen kashe kuɗi, da ciyar da malamai da almajirai.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Agusta, 1955, bayan ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su haɗa kai kada su bari dukiya ta raba su. Aka binne shi a cikin gidansa na Sarari.

To, yau me ya rage? Dalar gyaɗa da ake ɗaukar hotonta ana kaiwa ƙasashen duniya, babu ko buhu ɗaya, tun bayan da fari da cutar gyaɗa da kuɗin man fetur suka kashe cinikin a shekarun 1970. Ganuwar Kano da ayarinsa ke shiga ta ƙofofinta, mafi yawanta ta zube. Zangunan fatake na hanyar Gwanja sun zama gonaki da gidaje. Amma kasuwar Kurmi tana nan tana ci, tsohuwar tashar jirgin Kano tana tsaye, kuma in ka shiga Koki ka tambayi gidan Ɗantata, yaro ƙarami zai kai ka. Dalili kuwa shi ne gidan bai rasa magada ba. Alhaji Sanusi ya riƙe har ya rasu a 1997, Alhaji Aminu ya riƙe har ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. Alhaji Aliko Dangote ma jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa.

Mu nan abin ya fi tsanani, don muna zaune a garin da fili ya fi zinariya tsada. Kowa ya ga gine-ginen da suka tafi lokacin aikin gadar sama ta Pen Cinema da sabon layin dogo, waɗanda aka buɗe a 2021. Wasu gidajen kuma ba hukuma ta rushe ba, magada ne suka sayar aka raba kuɗin, kowa ya kama gabansa.

Don haka ina roƙon ƙungiyarmu, da kowane magidanci, mu zauna da sauran dattawanmu tun suna da rai, a rubuta gidan wane ne a ina, wa ya gina masallacin unguwa, daga wane gari ya zo. Mai takardar gida ya adana ta, ya nuna wa 'ya'yansa inda take. Ni na makara da gidan kakana, kada wani ya makara da nasa.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan da sauran magabatanmu, ya kyautata namu ƙarshen, amin.