Sarki Tanimun: mutumin da ya mai da Damagaram gidan sana'a

Kullum a fada zancen ɗaya ne, ba aikin yi. Shi ya sa yau muka waiwayi tarihin Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya yi sama da shekara 30 kan gadon sarauta har rasuwarsa a 1884.

Lokacin da ya hau mulki, Damagaram tana ƙarƙashin Barno, tana kai gaisuwa ga Shehu a Kukawa. Tanimun ya gane cewa sarautar da ba ta da abin hannunta, kullum a bayan wasu take. Sai ya fara da gini. A zamaninsa aka zagaye Birni da ganuwa, aikin da ya ci hannun magina, masu kwaɓa ƙasa da masu ɗauko ruwa.

Bai tsaya nan ba. Maimakon ya dogara kacokan da makaman da fatake ke kawowa daga arewa, ya sa maƙeran garin suka riƙa zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a nan gida. Ya ba fataken Larabawa da Buzaye kariya, suka zauna a Zango. Ayari na tashi daga Zinder ya bi Agadas har Tarabulus da fatu da gashin jimina, ya dawo da tufafi da takarda. Kowane ayari kuwa abinci ne ga majema, dukawa, marina, dillalai da masu masauki.

Amma gaskiya ɗaya ce, kada mu ɓoye. Wani babban kaso na wannan arziki ya fito daga yaƙi da cinikin bayi. An kamo mutane an zuba su gonaki, wasu an sayar da su hayin hamada. Wannan ba abin koyi ba ne, kuma jikokin waɗanda abin ya shafa suna cikinmu.

Abin ɗauka shi ne dabarar sarrafa abin da ƙasa ke bayarwa kafin ya fita. Yau muna da matatar mai ta SORAZ tun 2011, muna da jami'a, amma matasanmu da yawa kabu-kabu suke yi ko zaman fada, mata da yara kuma na barin yankin Kance zuwa Aljeriya. Fatunmu da dabbobinmu galibi ɗanye suke tsallaka iyaka, wasu su sarrafa su ci riba.

Muna kira ga hukumomi, in za a yi tsarin samar da aiki, a fara da majema, maƙera da gonaki, inda hannun ya riga ya iya. Ku kuma na waje, in za ku aiko da kuɗi, ku tuna da kayan sana'a. Allah ya jiƙan magabata, ya ba matasanmu abin yi.